Kujerar Helmi a Bakin Taga

Akwai wani dattijo a nan garinmu na arewacin Michigan a Amurka, sunansa Arvo Lahti. Ya gama aikinsa a mahaƙar ƙarfe tun da daɗewa, ya dawo gida da tari da kunne ɗaya da ba ya ji. Ba mai yawan magana ba ne. In ka gaishe shi ya amsa. In ba ka gaishe shi ba, ba zai ce maka komai ba, amma ya ajiye a ransa.

Duk ranar Laraba da rana yakan sauka ɗakin da ke ƙarƙashin coci, inda ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa take haɗuwa. Kusan duk tsofaffi ne. Sun shimfiɗa layin dogo a kan tebura ya zagaye ɗakin, da gada da tasha da kogon dutse, duk ginin hannunsu. Kada ka kuskura ka kira abin kayan wasa a gabansu.

Ƙungiyar tana da al'ada guda da ba a taɓa ta. Akwai tarago ɗaya, shi ne na ƙarshe a jirgin fasinja, ana ce masa taragon 'yan gida. Duk wanda ya shiga ƙungiya sai a yi masa ɗan mutum-mutumi na roba, bai fi farcen yatsa ba. A datse masa ƙafafu daga gwiwa don ya shiga kujera, a yi masa fenti da irin rigarsa da irin gashinsa, a zaunar da shi a ciki. In mutum ya mutu ba a cire shi. Sai dai a matsar da shi bakin taga.

Matar Arvo, Helmi, ita ce ta yi wa fasinjojin nan fenti dukansu. Har da kanta. Ta ajiye madubi a teburin kicin, ta riƙa kallon fuskarta tana ɗorawa a kan robar da burushi mai gashi uku-uku. A lokacin ciwo ya riga ya kama ta, hannunta yana rawa. Bara waccan aka matsar da ita bakin taga.

Tun daga nan Arvo ba ya fashin Laraba. Yakan zauna a kwanar da jirgin yake rage gudu, ya jira taragon ƙarshe. Sai dai cikin taragon duhu ne, inuwarta kawai yake gani.

Ana haka aka yi sabon shugaba, wani mai suna Dwight Hollenbeck. Dillalin motoci ne da ya yi ritaya ya dawo garin. An zaɓe shi ne don babu mai son muƙamin, shi kuma yana da murya. Bai taɓa gina komai da hannunsa ba. Komai nasa a kwali yake zuwa. Kuma in kana masa bayani, bakinka yake kallo yana jiran ka rufe ya buɗe nasa.

Shi ya kawo maganar sa fitilu a cikin taragan kafin ranar buɗe ƙofa, wadda ake yi gab da Kirsimeti, mutanen gari su zo su yi kallo.

Gaskiya shawarar ba ta da laifi. Arvo ma ya fi kowa murna, ko da yake bai nuna ba. Shi ya karɓi taragon 'yan gida ya kai gida. Ya ɗage rufin, ya jera ƙananan ƙwayayen fitila a ƙarƙashinsa, ya ja waya siririya kamar gashi zuwa ƙafafun taragon, don su riƙa ɗauko wuta daga layin dogo. Yana yi yana magana da matarsa.

"Kin sha duhu, Helmi. Saura kaɗan."

Ranar gwaji aka ɗora taragon a layi, aka ba shi wuta. Ciki ya haskaka tar. Arvo ya sunkuya, ya ga fuskar matarsa ta cikin taga a karon farko tun da aka rufe ta a ciki.

Dwight ma ya sunkuya, ya gyara tabarau. Sai ya kece da dariya.

"Kai jama'a! Waɗannan mutane ne ko dankali? Dubi wannan, ido ɗaya a goshi, ɗaya a kumatu. Ashe duhun nan rufin asiri ne!"

Wani tsoho mai suna Toivo, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Shugaba, wanda kake nunawa ni ne. Kuma haka nake, je ka tambayi matata."

Aka yi dariya don a kashe maganar. Amma Dwight bai san inda ake tsayawa ba.

"A'a, ba wasa nake ba. Wa ya yi wannan aikin?"

Arvo ya ce, "Matata ce."

"To, Allah ya ji ƙanta. Amma fa hannunta ya yi rawa, mutumina. Ka dubi wannan ta bakin tagar, kamar an mare ta da fenti."

Arvo ya miƙe, ya sa hularsa, ya hau matakala ya fita.

Laraba ta zagayo. Da ya sauko, sai ya tarar da taragon a buɗe a kan tebur, ciki wayam. Kujeru kawai, da tabon gam a inda kowa ya zauna. A gefe ga leda cike da sababbin fasinjoji 'yan kamfani, masu kumatu ja da haƙora farare, duk fuskarsu iri ɗaya.

"Ina mutanen da ke ciki?"

Dwight yana shan kofi. Bai ko juyo ba.

"Sun iso tashar ƙarshe, sun sauka."

"Na ce ina suke?"

"Na zubar, dattijo. Za a zo daga gidan jarida. Ba zan nuna wa gari dankali a cikin fitila ba."

Arvo ya fita bayan coci inda ake tara shara. Tsoho mai tari, ya durƙusa a cikin dusar ƙanƙara yana buɗe leda bayan leda da hannu ba safa. Babu komai sai kofunan takarda da ɓawon lemo. Motar shara ta riga ta wuce.

A nan ƙanwar Helmi ta same shi. Sunanta Aili, ita take kawo wa ƙungiya burodi mai nama da dankali a ciki. Mace ce mai kaifin baki, kuma tun ranar bikin yayarta take tsokanarsa. Amma ranar ba ta tsokane shi ba.

"Tashi, Yaya Arvo. Kana so ka bi ta ne tun yanzu? Tashi na ce."

"Ya zubar da ita a shara, Aili."

"Na ji. Ka bar ni da shi. Ni na san yadda ake murɗa kunnen irinsu. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka yi komai. Ka ba ni zuwa ranar buɗe ƙofa. Ka ji ko?"

"Na ji."

Ya ji ɗin, amma bai ɗauka ba.

Ya koma gida ya zauna a teburin kicin, abin yana tafasa a cikinsa. Ya yi tunanin ya tsinke wayoyin da ya ja. Ya ga wannan kaɗan ne, za a gyara. Ya yi tunanin ya tare shi a bakin coci ya kai masa naushi. Ya ga wannan ma kaɗan ne, kumburi yana sacewa. Abin da yake so shi ne a yi wa Dwight dariya. A gaban mutane, da yawa, irin dariyar da ba a mantawa. Yana so ya ga fuskar nan mai sheƙi ta zube.

Ya ci gaba da zuwa Laraba. Yana gaisawa, yana share layin dogo, yana jira. Mutane suka ce Arvo ya haƙura. Ba su san shi ba.

Ana gobe buɗe ƙofa, da rana, ya sauka ɗakin ya tarar da Dwight shi kaɗai, yana zufa a kan taragon. Ya jera sababbin fasinjojin, amma da jirgi ya sha kwana sai su kife. Wani ya faɗa kan cinyar wata, wani ya yi ruf da ciki a tsakanin kujeru.

"Yauwa, Arvo, gara da ka zo. Waɗannan 'yan banzan sun ƙi zama. Wane gam ne ya fi riƙewa?"

A kan shiryayye akwai kwalabe biyu. Ɗaya farin gam ne, mai jinkirin bushewa. Da shi ake zaunar da fasinja, a bar rufi a buɗe ya sha iska. Ɗayan kuma gam ne mai kamawa nan take. Duk wanda ya taɓa haɗa tarago da hannunsa ya san ba a kai shi kusa da taga. Yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani. In ka rufe shi a ciki, kafin gari ya waye tururin ya kwanta a kan komai ya zama fari kamar gishiri, kuma ba ya goguwa. An faɗi wannan a ɗakin nan ya fi a ƙirga. Dwight yana wurin, amma yana jiran a rufe baki ya buɗe nasa.

Arvo ya dubi kwalaben biyu. Ya ɗauko mai kamawa nan take ya miƙa masa.

"Wannan. Ka sa da yawa, kada ka yi rowa."

"Kai, na gode."

"Kuma da ka gama ka rufe rufin nan take. Ƙura ba ta shiri da fitila. Ka ɗiɗɗiga a gefen rufin ma, don kada ya ɗaga a gaban baƙi."

Dwight ya juya kwalbar a hannunsa. Ya yi gyaran murya, abin da ba a saba ji daga gare shi ba.

"Arvo, akwai wata magana da nake so in..."

Arvo ya juya masa kurman kunnen.

"Ba na ji ta wannan gefen, ranka ya daɗe."

Ya hau matakala. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Washegari gari ya cika ɗakin. Fasto ya zo, matar gidan jarida ta zo da kyamara, iyaye sun ɗora 'ya'ya a kafaɗa. Dwight ya sa jar riga da hular direban jirgi. Tun jiya ya ɓoye jirgin a cikin kogon dutse don kada kowa ya gani kafin lokaci. Shi kansa bai sake dubawa ba.

Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce kafin zuwansa ƙungiyar nan a duhu take. Ya ce yau za a ga bambanci tsakanin aikin da da aikin zamani. Ya ce a zuba ido musamman a kan taragon ƙarshe, don da hannunsa ya yi shi.

Arvo yana zaune a kwanarsa, hannu a kan gwiwa.

Aka ja labule, aka kashe fitilun ɗaki. Jirgin ya yi kuka ya fito daga kogo. Tarago na farko ya wuce da haske, ga mai karanta jarida a ciki. Na biyu ya wuce, ga mata suna shan shayi. Yara suna ihu, manya suna tafi.

Sai na ƙarshe ya fito.

Tagoginsa fari fat, daga farko har ƙarshe, kamar an cika shi da madara. Fitila tana ci a ciki, haske yana fitowa, amma ko inuwar mutum ba a gani.

Sai muryar Toivo ta fito daga cikin duhu.

"Shugaba! Wanka suke yi a ciki? Ka mayar mana da tarago ɗakin wankan tururi ba ka gaya mana mu zo da tawul ba!"

Ɗakin ya fashe da dariya. Fasto ya riƙe ciki. Matar jarida tana dariya tana ɗaukar hoto. Jirgin kuwa bai san komai ba, ya ci gaba da zagaye, kuma duk sanda farin taragon ya dawo sai dariyar ta sake tashi.

"A ƙara musu ruwa a kan dutse mai zafi, tururi ya ƙaru!"

"Aikin zamani kenan!"

Arvo bai yi dariya ba. Shan abin yake a hankali, kamar mai shan romo. Yana kallon Dwight a ɗan hasken da ke fitowa daga taragan, bakinsa a buɗe, hular direba ta karkace. Abin ya yi masa daɗi yadda ya zata, har ya fi. Ya ce a ransa, ga naki nan, Helmi.

Aka kunna fitilun ɗaki. Dwight ya tsayar da jirgin, ya ɗauko taragon yana goga tagar da babban yatsa. Ta ciki farin yake. Ya ɗago kai yana neman Arvo.

"Kai ka ba ni gam ɗin nan."

Arvo ya miƙe tsaye. Ya daɗe yana jiran wannan.

"Ni na ba ka. Kuma da sanina na ba ka. Ka zubar da matata a shara kamar ɓawon lemo. Yau ka ji yadda dariya take."

Wasu suka gyaɗa kai. Toivo ya ce, "Ya yi maka daidai."

Sai Arvo ya lura da Aili. Tana tsaye kusa da teburin abinci, ta toshe baki da hannu biyu. Ba dariya take ɓoyewa ba.

Dwight ya ce, muryarsa ta dushe, "Matarka tana ciki."

"Me ka ce?"

"Ka juyo da kunnen da ke ji. Na ce matarka tana ciki. Ban zubar da su ba. Suna cikin gwangwanin kofi a bayan a-kori-kurata. Na faɗa maka haka ne don ka daina damuna."

Aili ta matso, hawaye yana zuba amma muryarta kamar wuƙa.

"Kullum da safe sai na je gidansa na zauna masa a kicin. Ban bar shi ya sha kofi cikin daɗi ba har ya yarda zai mayar da matattu bakin tagoginsu. Sharaɗinsa ɗaya, kada in faɗa wa kowa, wai kada a ce mace ta tanƙwara shi. Ni kuma na so ka gan ta ta fito daga kogon nan a cikin haske. Na ce ka jira ni, Yaya Arvo. Me na ce maka?"

Dwight ya ce, "Bayan ka fita jiya na zaunar da su. Abin da nake so in gaya maka kenan."

Toivo ya daina murmushi. Yayansa ma yana cikin na bakin taga.

Aka sallami baƙi. Arvo ya ɗauko wuƙa siririya ya sa a gefen rufin. Rufin ya ƙi, don shi da bakinsa ya ce a ɗiɗɗiga masa gam. Sai da ya tsage kafin ya ɗago. Wani wari mai yaji ya bugi idanunsu.

Ga su nan a jere a bakin taga. Ga Helmi a kujerarta. Farin ya kwanta a kan gashinta da kafaɗunta, ya rufe fuskar ruf.

Ya jiƙa burushi da ruwa ya shafa. Babu abin da ya motsa. Wani ya ce akwai maganin da ke narkar da irin wannan gam. Wani ya ce yana narkarwa, amma da fenti yake tafiya. Arvo bai saurari kowa ba. Ya sa bakin wuƙar a kumatunta, ya kankara a hankali, a hankali.

Farin ya ɓare. Fentin ya biyo shi.

Abin da ya rage a wurin fuskar, roba ce toka-toka, sumul, babu ido babu baki.

Ya tsaya da wuƙar a hannu. Babu wanda ya ce masa sannu.

Dwight bai ƙara saukowa ɗakin ba. Hoton ya fito a jarida, kuma har yau in ya shiga kanti akwai mai tambayarsa ko ruwan wanka ya yi zafi. Ba na tausayinsa. Bakinsa ya jawo masa.

Arvo kuwa ba a kore shi ba. An yanka sababbin tagogi, an gyara rufin. Da aka zo maganar a samo wanda zai sake yi wa Helmi fuska, Aili ta ce ba ta yarda ba.

"Hannun da ya yi waccan yana cikin ƙasa. Duk wadda za a yi, ta wata ce. Ku mayar da ita haka."

Arvo ya ce, "Aili, ki yi wa Allah."

"Kai ka zaɓi kwalbar. Ka zauna ka riƙa kallo."

Yana nan yana zuwa duk Laraba. Yana zama a kwanar da jirgin yake rage gudu. Fitilun da ya ja da hannunsa suna ci tar, ba su taɓa mutuwa ba, kuma yanzu babu abin da ba a gani a cikin taragon nan.

Darasi: Mai girman kai da ke wulaƙanta aikin mamaci zai sha kunya, kuma ya cancanta. Amma kai da aka ɓata wa rai, in an ce ka jira, ka jira. In wanda ya cuce ka ya buɗe baki zai yi magana, ka ba shi kunnen da ke ji. Ramuwar da aka yi a ɓoye ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa, takan lalata abin da kake cewa dominsa kake yi, kuma nadama ba ta mayar da shi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana riƙe da wani a zuciya yana jiran rana.